Daga Kindirmon Bulgeriya Zuwa Ɗakin Wankin Ƙoda

A shekarar 1904, Elie Metchnikoff ya tsaya gaban wani taro a birnin Faris ya shaida wa jama'a cewa tsufa cuta ce, kuma gidanta na cikin babban hanji. Mai maganar ba ɗan tallar magani ba ne. Haifaffen daular Rasha ne, daga yankin Kharkiv da ke Yukren ta yau, kuma jigo a Cibiyar Pasteur. Shi ya gano yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayoyin cuta, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1908. Irin wannan mutum idan ya yi magana, jaridu ba sa jira sai gobe.

Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta. Babban hanji cike yake da ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙidayuwa. Wasunsu na ruɓar da ragowar nama da sauran abinci masu gina jiki, su fitar da sinadarai irin su indol da fenol. Sinadaran sai su tsallaka cikin jini, su riƙa cin jijiyoyi a hankali har mutum ya ranƙwafa. Magani kuwa, in ji shi, na hannun manoma da makiyayan Bulgeriya, waɗanda aka ba shi labarin suna yawan kai shekara ɗari, kuma kindirmo ne cimarsu ta kullum. Ya lura cewa madarar da ta yi tsami ba ta saurin ruɓewa, sai ya ce ƙwayoyin da ke kawo tsamin za su hana ruɓa a cikin mutum ma. A 1905 wani ɗalibi ɗan Bulgeriya da ke karatun likita a Jeneba, Stamen Grigorov, ya ware ƙwayar da ke kama kindirmon ƙasarsu, aka laƙaba mata sunan Bulgeriya. A 1907 Metchnikoff ya fitar da littafinsa kan tsawaita rai, sai kasuwa ta buɗe. Shagunan magani a Faris da Landan da New York suka cika da garin ƙwayoyi da ƙwayar haɗiya da kwalaben nono mai tsami. Shi kansa ya riƙe shan nonon kowace rana har ya rasu a 1916, yana da shekara 71, da ciwon zuciya. Matarsa Olga ta ba da labarin cewa ya roƙi wani abokin aikinsa ya duba hanjinsa da kyau bayan ya cika.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. A cibiyar tasu, Henry Tissier ya riga ya gano wata ƙwaya mai kai biyu a kashin jariran da ke shan nonon uwa, ya kuma ba da shawarar a ba yara masu gudawa. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani likitan Jamus mai suna Alfred Nissle ya lura da wani soja da bai kamu da zawon da ya kwantar da 'yan uwansa a fagen daga na yankin Balkan ba. Ya ɗebi ƙwaya daga bayan gidansa ya raine ta, kuma har yau ana sayar da jikokin ƙwayar nan da sunan Mutaflor. A 1919 Isaac Carasso ya fara haɗa yogot a Basalona yana kaiwa shagunan magani, ya raɗa wa kamfanin sunan ɗansa Daniel, wato Danone. A Japan, Minoru Shirota ya raini wata ƙwaya da ke jure tsamin tumbi a 1930, kuma daga 1935 aka soma sayar da ita a matsayin Yakult. Wasu daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a a yau daga ɗakin magani suka fito, ba daga rugar shanu ba.

Amma ra'ayin cewa hanji na sanya wa mai shi guba ya haifi abin da ya fi kindirmo nauyi. A asibitin Guy's da ke Landan, wani shahararren likitan fiɗa, William Arbuthnot Lane, ya ga cewa idan babban hanji ne tushen masifa, to a cire shi mana. Ya kuwa yi ta cirewa, ga masu taurin bayan gida da ciwon kai da kasala, yawancinsu mata, a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ƙarin jini bai zama ruwan dare ba. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. A 1913 ƙungiyar likitoci ta Masarautar Ingila ta yi doguwar muhawara a kan lamarin, daga nan farin jinin fiɗar ya fara dusashewa. A Amurka, Walter Alvarez ya kawo hujjar da kowa zai gane: mai taurin ciki yakan ji kansa ya washe cikin 'yan mintuna bayan ya kewaya, alhali gubar da ta shiga jini ba ta fita da wannan sauri. Ashe cikowar hanji ce ke damunsa. Masu bincike a Jami'ar Yale, ƙarƙashin Leo Rettger, suka ƙara da cewa ƙwayar Bulgeriya ba ta ma iya zama a hanjin mutum, wucewa take yi. Kafin 1930 likitoci sun jefa zancen gubar hanji cikin kwandon camfi, kuma wanda ya sake ɗaga shi a taron masana sai a dube shi a kaikaice.

Sun yi gaskiya, amma game da mai lafiyayyar ƙoda. Sinadaran da Metchnikoff ke tsoro suna nan, ba ƙirƙirar su ya yi ba. Tun a shekarun 1870 masana a Jamus suka san cewa indol ɗin da ƙwayoyin hanji ke yi yakan bi ta hanta ya koma wani sinadari da ake kira indoksil salfet, sannan ya fita a fitsari. Likitocin wancan zamani har gwada shi suke yi, ta hanyar zuba wa fitsari sinadari su ga ko zai yi shuɗi. Shuɗin nan kuwa shuni ne na gaske, irin wanda ake samu daga ganyen baba a marinar Ƙofar Mata, domin a karofi ma indoksil ne ke haɗuwa da iska ya ba da launin. Abin da ya sa gubar ba ta cutar da yawancin mutane shi ne ƙoda na kwashe ta dare da rana. Tambayar da ba wanda ya iya yi a 1913 ita ce, ina labarin mutumin da ƙodarsa ta tsaya amma yana raye? A lokacin babu irin wannan mutum. Ƙoda na tsayawa, sai a fara shirin jana'iza.

Willem Kolff ne ya samar da shi. A garin Kampen na ƙasar Holan, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da ƙasar, wannan matashin likita ya naɗa dogon bututun leda, irin wanda ake cusa wa niƙaƙƙen nama, a jikin wata ganga ta katako, ya sa gangar tana juyawa cikin ruwan gishiri, jinin mara lafiya na bi ta cikin bututun. Ya fara a 1943, kuma kusan duk waɗanda ya fara ɗorawa a kan injin sun rasu. Sai a watan Satumba na 1945 wata dattijuwa mai shekara 67, Sofia Schafstadt, wadda ke tsare bisa zargin haɗa kai da 'yan mamaya, ta farfaɗo daga dogon suma ta kuma rayu shekaru bayan haka. Injin Kolff na ceton wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci ne kawai, domin kowane wanki na lalata jijiya guda. A 1960, a birnin Seattle, Belding Scribner ya dasa wa wani ma'aikacin kamfanin Boeing, Clyde Shields, bututun roba na dindindin a hannu, mutumin ya yi shekara 11 ana wanke masa jini. A 1966 likitoci a New York, Brescia da Cimino, suka fito da dabarar haɗe jijiyoyi biyu a ƙarƙashin fata, wadda har yau ita ce ke kumbure a hannun masu zuwa wanki. Daga nan aka sami jama'a guda, da farko ɗaruruwa, yanzu miliyoyi, masu rayuwa ba tare da aikin ƙoda ba, sau uku a mako, awa huɗu a kan kujera.

Duk wanda ya yi jinyar mai wankin ƙoda ya san cewa rabin kukansa na ciki ne. Tashin zuciya da safe, ƙwannafi, kumburi, rashin sha'awar abinci, ɗanɗanon ƙarfe a baki, sai kuma uwa uba taurin bayan gida. Dalilan a fili suke. An taƙaita masa ruwa, wani lokaci abin da bai fi ledar fiya wata ɗaya ko biyu ba a yini, har da ruwan miya da koko. An tsoratar da shi daga ayaba da lemu da tumatir da dabino da alayyahu saboda fotasiyam, wanda idan ya taru yakan tsayar da zuciya ba sallama. An rage masa wake da gyaɗa saboda fosforas. Waɗannan kuwa su ne abincin da ke tura hanji, kuma su ne abincin ƙwayoyin kirki da ke cikinsa. Ga magungunan ɗaure fosforas da na ƙarin jini, su ma suna busar da ciki. Ga zama wuri ɗaya, ga riƙe bayan gida saboda an ɗaura wa mutum bututu. Sannan yuriya, dattin da ya kamata ya fita a fitsari, sai ya riƙa tsiyaya cikin hanji, ƙwayoyi su mayar da shi amoniya mai ƙona bangon hanjin. A 2013 Nosratola Vaziri da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka nuna cewa jama'ar ƙwayoyin da ke hanjin masu wanki ta bambanta ƙwarai da ta masu lafiya, kuma daga baya suka nuna cewa masu cin yuriya da masu yin indol ne suka yi rinjaye.

Injin kuma yana da iyaka. Rariya ce, abin da ya narke a ruwa kaɗai take tacewa. Yuriya na wucewa cikin sauƙi, har a kwashe kusan kashi biyu cikin uku a zama ɗaya. Amma indoksil salfet da ɗan uwansa kiresil salfet kan manne wa albumin, wani babban sinadari da ke yawo a jini, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu a manne suke, albumin kuwa ba ya ratsa matata. Ƙoda ta gaske tana da ƙananan hanyoyin fizge su da ƙarfi, injin ba shi da su. Sai su taru a jinin mai wanki ninkin ba ninkin.

Alamun farko sun fito tun 1966, lokacin da Einheber da Carter suka cire wa ɓeraye ƙoda, suka ga cewa waɗanda aka raina babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu sun fi daɗewa a raye. A 1977 Michael Simenhoff na Filadelfiya ya gano cewa ƙarnin kifin da ake ji a numfashin masu ciwon ƙoda daga wasu sinadarai yake da ƙwayoyin hanji ke da hannu wajen yin su. A Nagoya, Toshimitsu Niwa ya shafe shekarun 1990 yana nuna yadda indoksil salfet ke ƙara lalata ƙodar da ta riga ta raunana. Amma hujjar da ta fi kowace ban mamaki ta zo ne a 2011 daga Jami'ar Stanford, inda ayarin Timothy Meyer ya kwatanta jinin masu wanki da ke da babban hanji da na waɗanda aka cire wa nasu saboda wata cuta daban. A jinin marasa hanjin, waɗannan sinadarai biyu kusan babu su. Da Lane na raye da ya yi tsalle, ko da yake babu likita mai hankali da zai ce a koma fiɗarsa.

To, idan a hanji ake dafa gubar, me zai hana a canza masu dafawar? Nan ne tsohon maganin Metchnikoff ya dawo, wannan karon cikin kafso, da sunan furobayotik. A 1996 Simenhoff ya ba wasu 'yan ƙalilan masu wanki ƙwayar asidofilus, ya ga wasu sinadarai masu guba sun ragu a jininsu. A shekarar dai, Hida da abokansa a Japan suka ba da rahoton makamancin haka da wani haɗin ƙwayoyi mai suna Lebenin. A 2003 wasu masu bincike a Japan suka sa ƙwayar Tissier cikin kafson da tsamin tumbi ba ya narkarwa, indoksil salfet ya ɗan sauka. A 2015, a Meziko, an ba masu wanki kimanin 40 ko dai wani haɗi na ƙwayoyi da abincinsu ko kuma na bogi tsawon wata biyu, waɗanda suka sha na gasken suka ce amai da ƙwannafi da ciwon ciki sun yi sauƙi. A 2016 gwajin da Megan Rossi ta jagoranta a Ostareliya, kan masu ciwon ƙodar da ba su kai ga wanki ba, ya sami raguwar kiresil salfet, amma indoksil bai motsa sosai ba.

Duk wanda ya jera waɗannan sakamako zai ga abu ɗaya na maimaita kansa: mutum 20, mutum 40, wata ɗaya, wata biyu, kowa da irin ƙwayarsa da awonsa. Ba a gina magani a kan irin wannan. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda sana'arta ita ce tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 45 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,200 masu ciwon ƙoda, ta kammala da cewa hujjar ta yi rauni ƙwarai, ba za a iya cewa kafson na amfani ba, ba kuma za a iya cewa ba ya yi ba. Akwai darasi ma daga wani magani na daban. Tun 1991 Japan ta amince da Kremezin, wani garin gawayi na musamman da ke tsotse indol a hanji, kuma tabbas yana rage sinadarin a jini. Amma da aka gwada shi a kan mutum kusan 2,000 a ƙasashe da dama, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna ya jinkirta lalacewar ƙoda ba. Saukar lamba a takardar gwaji daban, samun sauƙi daban.

Masu talla kan ce ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. Ga yawancin mutane haka ne. Amma a 2008 wani babban gwaji a Holan kan masu matsanancin kumburin fankiriyas ya ƙare da mutuwar kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka ba ƙwayoyin, a kan kashi 6 na waɗanda ba a ba ba. Mai wanki garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, sau da yawa kuma yana ɗauke da bututu a wuya da ke kaiwa kai tsaye cikin babbar jijiya, wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa da gangan ake danne tasa garkuwar. Dokar da Amurka ta kafa a 1994 ta ba masu irin waɗannan kayayyaki damar sayarwa a matsayin ƙarin abinci ba tare da sun tabbatar da amfaninsu ba, alhali hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yi watsi da kusan duk iƙirarin da kamfanoni suka kai mata, in ban da cewa ƙwayoyin yogot na taimaka wa masu wahalar narkar da sukarin madara. Kwalbar da ta taso daga can ta kwana a tashar ruwa ta Legas, ta yi watanni a kan kantar kemis a Sakkwato ko Maiduguri cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, babu firji babu wuta, Allah kaɗai ya san ƙwaya nawa ta rage da rai a ciki.

Mai karatu a Kano ko Damagaram na iya cewa to mene ne na kafso, ga ƙwaryar Fulani? Lallai abin da Grigorov ya leƙa a madubin ƙara girma danginsa na cikin kindirmon da ake kamawa kowane dare a ruga, inda ake tafasa madara, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan ragowar na jiya, a rufe har safe. Sai dai mai wankin ƙoda na cikin mutanen da ba za su sha shi yadda suke so ba. Madara na da fosforas da fotasiyam masu yawa, kuma kowane ludayi ana lissafa shi cikin ruwan yini. Fura da nono cike da kwano, wadda ke riƙe manomi tun hantsi har la'asar, na iya jawo wa mai wanki kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi kafin ranar komawarsa asibiti. Nonon da ba a tafasa ba kuma, ko wanda aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba, na iya ɗauke da tarin fukan shanu ko bakale. Shi ya sa masu kula da abincin marasa lafiya kan yanka masa ɗan ƙaramin awo gwargwadon abin da gwajin jininsa ya nuna. A 'yan shekarun nan ma sun fara sassauta hannu a ɓangaren ganye da hatsi, bayan an fahimci cewa fosforas ɗin tsirrai ba ya shiga jini kamar na nama da na kayan gwangwani, kuma tafasa ganye ko dankali a zubar da ruwan na rage fotasiyam ɗinsa.

A Nijeriya wankin ƙoda ya fara ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, daga baya ya iso cibiyoyi irin su Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, inda marasa lafiya daga Gashuwa da Nguru, yankin da ciwon ya yi wa katutu, ke tururuwa. A nan babbar matsalar ba ta indoksil ba ce. Kaɗan ne ke iya biyan wanki uku a mako, da yawa sai an sayar da gona ko an yi karo-karo a dangi kafin a je sau ɗaya, kuma tashin zuciya da aman da ke damun irin wannan mara lafiya yawanci alamar wankin da bai isa ba ne. Kuɗin da za a zuba a kwalbar kafso ta waje, in an haɗa, wani lokaci ya kusa biyan zama ɗaya a kan inji, kuma babu shakka a kan wanda ya fi amfani.

Wani reshe na wannan tarihi ya biyo ta Sahel. Maimakon a aika sababbin ƙwayoyi cikin hanji, sai a ciyar da na kirkin da ke can, kuma ɗaya daga cikin abincin da aka fi gwadawa shi ne ƙaro, ɗanƙon bishiyar dakwara da almajirai ke haɗa tawada da shi, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen fitarwa kasuwar duniya. A 1996 Donna Bliss da abokan aikinta a Amurka suka ba masu ciwon ƙoda giram 50 na ƙaro kullum, suka ga dattin naitirojin na ƙara fita ta bayan gida, yuriyar jini kuma ta ɗan sauka. Labarin ya karɓu ƙwarai a Sudan, inda marasa lafiya da dama suka riƙa jiƙa shi suna sha da safe, wasu da sanin likita wasu ba da saninsa ba. Da likitoci suka sake gwada shi, rahoton da Sarra Elamin da abokan aikinta suka fitar a 2017 ya nuna alamar kumburi a jini ta ragu, amma yuriya da indoksil salfet suna nan inda suke. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe cibiyoyin wanki da dama a Khartum, ya tarwatsa marasa lafiya da likitocinsu zuwa Fot Sudan da Masar da wasu wurare, ya kuma dagula cinikin ƙaron kansa a Kordofan da Darfur.